Na Goro a Bakin Boda: Tilas ko Son Zuciya?

'Yan'uwa, mu masu shigo da kaya ta Maigatari zuwa Azare da Katagum mun san "na goro". To, halal ne?

Wanda ya biya kuɗin fito, takardunsa cif, aka riƙe kayansa bisa zalunci, malamai da dama sun yi masa uzuri, zunubin na kan mai karɓa. Amma mai buhu 50 ya ce 20 ne, ya dunƙula wa ɗan kwastan wani abu, wannan rashawa ce. Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Mu ji tsoron Allah: sau nawa aka tilasta mu, sau nawa mu ne muka fara miƙawa? Mu faɗi gaskiyar kaya, mu biya, mu karɓi rasit.

Allah Ya tsarkake mana nema, amin.