Ƙaddara Ce Ta Ci Mu, Ko Sakaci?

Duk wanda ya saba zama a gidajen kallon ƙwallo na Rano ko Kibiya ya san maganar da ake tashi da ita ranar da aka sha kashi: haka Allah ya so. Ita ce kuma malamin wasanni yakan lallashi 'yan sakandare da ita idan sun ƙare gasar shekara ba su ci wasa ko ɗaya ba. Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa. Inda nake ja shi ne lokacin da ake faɗinta, domin idan ta riga bincike fitowa, sai ta zama bargon da sakaci ke lulluɓa da shi.

Mu ɗauki Kano Pillars, wadda yaran makarantun nan ke mafarkin buga wa ƙwallo. An kafa ta a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Amma a 2022 Masu Gida suka gangara rukuni na biyu. A watan Afrilun shekarar, bayan canjaras da Katsina United a filin wasa na Sani Abacha, wasu magoya baya suka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zaftare wa ƙungiyar maki uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9. Rubutacce ne? Ƙwarai kuwa. Sai dai hannun da ya yi jifan yana da mai shi.

Ba ina haɗa ƙwallo da jihadi ba ne, Allah ya tsare, amma babu inda aka warware wannan ƙulli kamar a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya hana su sauka komai ya faru. Da suka hango ganima mafi yawansu suka sauka, Khalid ɗan Walid, wanda bai musulunta ba tukuna, ya zagayo da dawakai ta baya, aka yi shahidai wajen 70, har da Sayyidina Hamza. Ayoyin da suka sauka a Suratu Ali Imrana ba su ɓoye laifin ba: sun ambaci jayayya da saɓa umarni, sun tabbatar da cewa abin ya auku da izinin Allah, sun kuma yi bushara da afuwa. Aka haɗa ƙaddara da hisabi a wuri guda, ɗaya bai kori ɗaya ba. In sahabbai ba su tsira daga a nuna musu kuskurensu ba, wane ne mai tsaron raga?

Wani zai ce ai akan yi duk abin da ya kamata kuma a faɗi, ƙwallo ta daki turke sau uku ta dawo. Haka ne, kuma nan ne ainihin gurbin ƙaddara. Manomin Kibiya da ya yi shuka a kan kari, ya yi noma, ya zuba taki, sannan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, shi ya cancanci a yi masa jaje da ita. Maƙwabcinsa da ya bar ciyawa ta cinye masa dawa yana zaman majalisa, in ya ari bakin wancan, ya yi wa ƙaddara ƙazafi. Daga nesa rumbunansu iri ɗaya ne, duk wayam.

Wani kuma zai ce wasa ne fa, me ya yi zafi? To, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi ɗora faɗuwa a kan alƙalin wasa, ko a kan layar da wai aka binne a bakin raga, shi ne gobe zai faɗi jarrabawar NECO ya ce hannu aka sa masa.

Don haka malaman wasanni na makarantunmu, idan an dawo da kwando cike da ƙwallaye, ku zaunar da yaran nan ku lissafa kwana nawa aka fita atisaye, wa ya bar gurbinsa, wa ya ƙi ba ɗan'uwansa ƙwallo. In an gama wannan, sai ku ce musu haka Allah ya so.