Sukarin da Muke Sha Ya Wuce Kima

Jama'a, akwai abin da ya shigo gidajenmu sannu a hankali har ya zauna daram, ba mai yi masa kallon baƙo, wato sukarin da muke sha. Da gangan na ce sha, domin alkaki da nakiya da dublan kayan biki ne da salla, a ci yau a daɗe ba a sake gani ba. Mai yi mana ɓarna kullum shi ne na cikin kofi da kwalba da leda. Da safe a dama koko a zuba masa sukari har tsamin gasara ya ɓace. A teburin mai shayi a jefa ƙwaya huɗu ko biyar a kofi ɗaya. Rana ta take a nemi fura da nono, ita ma sai an ambaya mata, a bi da zoɓo mai sanyi, da yamma a fasa lemon kwalba. A majalisun Yamai da Maraɗi da Damagaram kuwa, shayin ƙaramar buta zagaye uku ake yi masa, kowane zagaye da nasa sukarin. Mutumin da ya yi wannan yinin, in ka tambaye shi, da gaskiyarsa zai ce maka shi ba ma'abocin zaƙi ba ne, don bai taɓa zama ya ƙirga ba.

To bari mu ƙirga masa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga cimarsa ta yini, kuma in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Ga baligi matsakaici, kashi 10 ɗin nan kimanin giram 50 ne, wato cokalin shayi 12, kashi 5 kuwa cokali 6. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita guda ɗaya ta cinye rabon yini kaf, tun ba a zo kan koko da shayi ba. Da za a auno cokali 12 na sukari a faranti a ce wa dattijo bismilla, cewa zai yi an raina shi, amma in an narkar da shi a ruwa mai sanyi sai ya shanye ya yi godiya. Sharrin zaƙin da ake sha ke nan: ba ya cika ciki, ba ya hana mutum cin tuwonsa kamar yadda ya saba, yana kuma shiga jini da sauri. Jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin don ya kwashe shi, hanta ta mai da wani sashe kitse, teɓa ta fito, shekara da shekaru har jiki ya daina jin kiran insulin ɗin. Daga nan ciwon sukari ke samun ƙofa. Haƙora kuwa ba sa jiran shekaru, ƙwayoyin cutar da ke baki suna mai da sukari wani ruwa mai tsami da ke cinye bayan haƙori, shi ya sa ake ganin yaro bai shiga firamare ba haƙoransa sun yi baƙi.

Na san za a ce ciwon sukari gado ne, kuma cuta da lafiya na Allah ne. Haka ne, kuma ba mai hankalin da zai ce sukari kaɗai ke kawo shi. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai yawan zama ba motsi. Sai dai wanda ya san ciwon yana gidansu shi ya fi kowa bukatar kiyayewa, kamar yadda mai rumbu kusa da murhu ya fi kowa lura da wuta. Mutum bai zaɓi iyayensa ba, amma shi ke riƙe da cokali. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Da yawa ba sa sani sai ido ya dushe, ko ƙoda ta gaza, ko wani ɗan miki a ƙafa ya ƙi warkewa har likita ya fara zancen yankewa. Duk gidan da ya taɓa biyan kuɗin wankin ƙoda ya san ciwon nan ba mutum ɗaya yake kayarwa ba, gona da shago da karatun yara duk yana haɗawa.

Wasu kuma za su ce kakanninmu sun sha rake da zuma da mazarƙwaila, sun ci dabino, sun tsufa garau. Amma a duba yadda suka sha. Kafin mutum ya gama sandar rake ta Maƙarfi sai ya fere, ya tauna, ya tofar, muƙamuƙinsa ya gaji ya tsayar da shi. Zuma ba kullum ake samu ba. Mutanen nan kuma da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, da hannu suke daka da jan ruwa. Mu mun gaji kwaɗayinsu mun bar wahalarsu, muna hawa babur zuwa masallacin unguwa. Kuma kada wanda ya bar farin sukari ya koma kwarara zuma ko mazarƙwaila ya ɗauka ya tsira, domin a lissafin hukumar lafiyar nan zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk cikin wancan cokali 12 suke. Mangwaro da gwanda da lemon zaƙi da aka ci ba a matse ba su ne ba sa ciki. Lebura mai cewa lemo ke ba shi ƙarfi, kuɗin kwalbar nan in ya sayi gyaɗa ko ƙosai sun fi riƙe masa ciki har la'asar.

Gwamnatoci sun fara taɓa abin ta hanyar haraji. Meziko ta sa nata a 2014, Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018, Nijeriya kuma ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021. Naira 10 a yau ba ta hana kowa sayen komai, kuma ba harajin da zai leƙa tukunyar zoɓon da ake dafawa a tsakar gida. Gyaran yana hannunmu, kuma wurin da ya fi wuya shi ne karamci. Mun mai da lemon kwalba ma'aunin girmama baƙo, har mai gida na jin kunya in ya kawo ruwa zalla. A suna da ɗaurin aure katan-katan ake jibgewa, a watan azumi a wuni da ƙishi a buɗe baki da kofuna uku na zaƙi. Malamai da limamai da masu unguwanni, ku ne za ku iya cire wa mutane wannan kunyar, ku faɗa a kan mumbari da wajen taro cewa ruwa mai sanyi da kunun gyaɗa marar yawan zaƙi tarba ce cikakkiya, ku kuma fara da zaurukanku.

Iyaye mata, harshen yaro a hannunku yake tashi. Jaririn da aka saba masa da kunu mai sukari tun yaye, da shi zai auna daɗin kowane abu har ya girma, kuma alewar da ake toshe masa baki da ita in ya yi kuka tana koya masa cewa zaƙi ne maganin ɓacin rai. Ba a ce ku yanke rana ɗaya ba. Mai zuba cokali huɗu ta koma uku, bayan mako biyu ta koma biyu, harshe yana sabawa har tsohon ma'aunin ya riƙa gundurar mutum. Citta da kanumfari da tsamiya suna ba zoɓo da kunu ɗanɗanon da sukari ya daɗe yana dannewa. Ku masu shayi da masu fura, ku riƙa tambayar mai saye nawa za a sa masa kafin ku zuba. Wanda kuma ya haura shekara 40, ko yake yawan fitsarin dare da ƙishirwa, ya je asibiti mafi kusa a ɗiga jinin yatsarsa a auna, gwajin ba ya cin minti biyar.