Kwaɗo da Wanda Ya Iya Buɗe Shi

Bidiyon buɗe kwaɗo ba tare da makulli ba sun cika YouTube da TikTok, kuma duk mai data a Kurya Madaro yana kallonsu kamar yadda mutumin Legas ke kallo. Mutum zai ɗauki siraran ƙarafa biyu ya zura a bakin kwaɗo, kafin a ƙirga ashirin ya buɗe. A Turai da Amurka wasa ne mai gasa da ƙungiyoyi. Jamusawa tun 1997 suka kafa tasu. Kayan kuma ga su nan a kasuwannin intanet, shi ya sa matasanmu suka fara tambayar wanne ya dace da ɗan koyo. Mu dai muna ganin akwai tambayar da ta riga wannan: ya dace mutumin kirki ya koyi buɗe abin da aka kulle?

Mu fara da kwaɗon kansa. A cikin irin wanda aka fi sayarwa akwai 'yan ƙusoshi huɗu ko biyar, kowace da sifirin a kanta yana danna ta. Haƙoran makulli ne ke ɗaga kowace zuwa daidai gurbinta, sai cikin ya juya. Idan ƙusa biyar ce, kowace da mataki goma, a lissafi makulli 100,000 za a iya yankawa. Amma babu injin da ke huda ramuka biyar a layi ɗaya cif. Saboda haka in aka ɗan murɗa cikin kwaɗon, ƙusa ɗaya ce ke fara cijewa, a ɗaga ta ita kaɗai, sannan ta biyu ta cije. Gwaji 100,000 ya koma kamar 50.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon sarai. Manhajar da ke duba kalmar sirri harafi bayan harafi, ta tsaya a kuskuren farko, tana gaya wa mai kutse inda ya kai ba tare da ta sani ba. A sana'armu an daɗe da yarda cewa tsaron da ya dogara ga jahilcin mutane ba ya daɗewa. Auguste Kerckhoffs ya kafa wannan ƙa'ida a 1883 game da rubutun sirri na soja: a ɗauka abokin gaba ya san yadda tsarin yake, makullin kaɗai ne bai sani ba.

Maƙeran kwaɗo sun riga mu shan wannan darasi. Kamfanin Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa a Landan fiye da shekara 50, da alkawarin gini 200 ga duk wanda ya buɗe shi. A 1851 wani Ba'amurke, Alfred Hobbs, ya zo babban baje kolin Landan, ya fara da buɗe na kamfanin Chubb, sannan ya zauna wa na Bramah awa 51 a cikin kwana 16 har ya buɗe. An yi ta cece-kuce cewa ya koya wa ɓarayi hanya. Amsar ɓangarensa ita ce ɓarayi sun riga kowa sani, mai kaya ne kaɗai ake bari a duhu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ya nuna tsagar ba shi ya tsaga bangon ba.

A wurinmu ma hujjar ta fi ƙarfi. 'Yan bindigar da suka addabi Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba sa tsayawa lallashin kwaɗo. Ƙofa suke ɓallewa, ko su sa mai gida ya buɗe da hannunsa. Ƙaramin ɓarawon shago kuwa guduma da guntun rodi sun ishe shi. Babu mai niyyar sata da zai ɓata wata uku yana koyon jin motsin ƙusa a yatsunsa.

Da nan maganar ta tsaya, da mun ce kowa ya je ya saya. Sai dai aikin kwaɗo ya wuce tare ƙofa. A fikihun Malikiyya da aka karantar da iyayenmu a zaure, ba a tsayar da haddin sata sai an fitar da dukiyar daga hirzi, wato inda aka saba adana irinta, kuma al'ada ce ke tantance hirzi, ba kaurin ƙarfe ba. Kwaɗon da tsohuwa ta maƙala a ƙyauren ɗakinta, wanda yaro zai iya fizgewa, magana yake yi: nan nawa ne, kada a shiga. Yana aiki ne domin yawancin masu wucewa suna jin maganar. Wanda ya iya buɗewa ya rasa wani uzuri da sauran mutane ke da shi, domin shi ba ƙarfe ke hana shi ba, sai kunya da tsoron Allah. Ba kowane ɗan shekara sha bakwai ne ya shirya ɗaukar wannan ba, musamman ranar da ya ga akwatin yayarsa a kulle, babu kowa a gida. Su kansu masu wasan a Turai sun gane haka, shi ya sa suka ɗaure kansu da sharaɗi biyu: ba a taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi, ba a kuma koyo a kan kwaɗon da ake amfani da shi.

Akwai kuma abin da su ba su da shi, mu muke da shi, wato zargi. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, kuma cikin dalilan da aka bayar har da raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Tun daga lokacin kalmar infoma ta zama abin da ke iya kashe mutum kafin ya buɗe baki. A tsayar da saurayi a shingen 'yan sa-kai a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, a zazzage aljihunsa a ga jakar siraran ƙarafa ashirin, ya ce wasa yake koyo a waya. Wa zai saurare shi? Kuma ba za mu ce masu zargin sun yi wauta ba. Mutanen da ɓarawon zaune ya sha cutar da su ne.

To a nan ne zaɓen kaya ya shiga maganar ɗa'a. Manyan jakunkunan nan masu ƙarfe ashirin ko talatin, yawancinsu ado ne, ƙarfensu ma lanƙwashewa yake yi. Ɗan koyo abu huɗu yake bukata: ƙugiya gajera mai ɗaga ƙusa ɗaya-ɗaya, mai haƙora guda da ake gogawa, ɗan ƙarfen murɗawa, da kwaɗon koyo mai jikin roba garau wanda ake ganin cikinsa. Wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani, domin duk wanda ya gan shi ya san na karatu ne. Su zauna a gida, mahaifi ya san da su. Mafi kyau ma a nemi mai yankan makulli a kasuwar Ƙaura a zauna a gefensa. Shi kullum buɗe kwaɗon mutane yake yi a gaban jama'a, ana biyansa har da godiya, domin kowa ya san rumfarsa.

Wanda ya yi wata guda a kan kwaɗon robar nan zai fara kallon ƙofofin unguwarsu da wani ido. Zai lura cewa kawunsa ya sayi kwaɗo mai tsada ya rataye shi a kan marata da ƙusa biyu ke riƙe da shi ta waje, sai ya gaya masa.