Irin Riɗi Amana Ne

Ya kai ɗan'uwa matashi, manomin Anka, Gummi ko Bukkuyum, ga tambaya: in ka sayar wa mutum irin riɗi gauraye, bai gane ba, ya biya da yardarsa, kuɗin nan halal ne?

Ka sani, aibin iri ba ya fitowa a cikin mudu, sai kaka. Riɗi in ya nuna, kwansonsa tsagewa yake yi, ƙwaya ta zube. To, in aka haɗa mai saurin nuna da mai jinkiri a gona ɗaya, mai gona ya shiga uku: ya yanka da wuri, rabi ɗanye, ya jira, rabi ya zube ƙasa. Ga fari ya cakuɗe da ja, 'yan kasuwar Dawanau su karya masa farashi. Yardar da aka samu ta ɓoye aibi ba yarda ba ce. Ha'inci ne, kuma damina guda ka cinye wa ɗan'uwanka.

Masana a cibiyar bincike ta Badeggi, Jihar Neja, shekaru suke yi suna tace iri kamar NCRIBEN-01M. Kai ma da naka aikin. Kafin yanka, zaga gonarka ka ware tsirrai masu yawan kwanso, marasa cuta, masu nuna tare. Ɗaure su daban, ka kakkaɓe kan tabarma. Riɗi galibi kansa yake yi wa barbara, don haka abin da ka zaɓa shi zai fito baɗi.

In kuwa naka gauraye ne, faɗa wa mai saye. Allah Ya tsare mu da cin haram, amin.