Shugaban Al'umma a Kujerar Amintattun Gidan Jarida

Kafar yaɗa labarai da ba ta neman riba ita ce jarida ko rediyo ko shafin intanet da aka kafa don amfanin jama'a, babu wani mai ita da zai kwashe riba a ƙarshen shekara. A Najeriya irin wannan ƙungiya kan yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma dole ta gabatar da sunayen amintattu, wato mutanen da sunan ƙungiyar da dukiyarta za su zauna a hannunsu. A Birnin Kebbi ko Argungu, duk wanda ya tashi kafa ƙungiya, ta makaranta ce ko ta marayu ko ta manoma, sunayen da ake fara kawowa sanannu ne: uban ƙasa ko wani mai sarauta daga fada, limamin Juma'a, tsohon babban sakatare, attajiri mai injin casar shinkafa, sai hajiya shugabar mata. A gidan marayu babu wanda zai ɗaga gira. A gidan labarai kuwa akwai abin dubawa, domin waɗannan su ne mutanen da labarin gari ya fi yawan ratsawa ta ƙofar gidajensu.

Dalilin neman su a fili yake: kafafen labarai masu zaman kansu ba su daɗe da tsayuwa da ƙafarsu ba. An kafa jihar Kebbi a 1991, kuma sai a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin a ƙasar. Rediyon al'umma ya fi haka jinkiri: sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisi 17 ga ƙasar baki ɗaya, alhali maƙwabciya Nijar ta soma tun 1999. A jihar da tallace-tallace ba su da yawa, gwamnati ce babbar mai ba da talla, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi a sassan ƙasar. Matashin wakilin da ba shi da kowa yana bukatar inuwa, kuma a ƙasar Kabi da Gwandu babu inuwar da ta kai ta iyayen ƙasa. Maganarsu tana kuma buɗe kunnen jama'a. Rigakafin shan inna ya nuna haka: bayan ƙin yarda da aka yi a Arewa a 2003, shigar sarakuna da hakimai da masu unguwanni cikin aikin na daga cikin abin da ya kai ƙasar ga shaidar rabuwa da cutar a 2020, kuma Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage.

Matsalar tana fitowa ne idan aka dubi irin labaran da kwarin Rima ke haifarwa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba 2015, kuma tambayar wa ya samu, wa ya biya, tambaya ce ta ɗan jarida. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, aka kawo kayan agaji. Rabon agaji, rabon taki, rabon filin fadama, sasanta manomi da makiyayi, da wuya a sami ɗaya daga ciki da bai bi ta hannun dagaci ko uban ƙasa ko shugaban ƙungiya ba. Ranar da wakili ya dawo da labarin cewa buhunan da aka sauke a wani gari sun fi waɗanda aka raba, kuma mai garin ƙanin wani amintacce ne, a ranar ake gane ko kujerar ta labari ce ko ta mai zama a kanta.

Fikihun Musulunci yana da ma'aunin da ya dace da wannan kujera, wato matsayin mai kula da waƙafi. Dukiyar waƙafi ta fita daga hannun mai bayarwa, ba ta kuma shiga hannun mai kulawa ba. Aikinsa ya tsare ta, ya tabbatar ta isa ga waɗanda aka yi dominsu. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da amana ga masu ita, kuma masu amanar gidan labarai su ne masu sauraro: masuncin kogin Matan Fada, mai sayar da kifi a kasuwar Argungu, ɗan fanshon da ke jiran haƙƙinsa. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim game da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yarda, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba a kawo masa ba. Malamai sun fahimci cewa duk amfanin da mutum ya samu saboda kujerar amana ba nasa ba ne. A gidan jarida wannan amfani ba kasafai yake zuwa a matsayin kuɗi ba. Shiru ne. Labarin da aka danne don kada ran mai girma ya ɓaci kyauta ce da kujera ta jawo masa, ko da bai buɗe baki ya nema ba.

Babin shaida ya ƙara haske. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta nemi a tsaya kan adalci ko da shaidar ta faɗa a kan mutum ko iyayensa ko danginsa, aya ta 283 a Suratul Baƙara kuma ta hana ɓoye shaida. Amma shari'a ba ta dogara ga ƙarfin halin mutane kaɗai ba. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan malaman Gwandu da Jega da Argungu, ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko miji ga matarsa, ko wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar. Hukuncin bai ce mutumin maƙaryaci ne ba. Mai yiwuwa ya fi alƙalin tsoron Allah. An dai ɗauke masa nauyin da bai kamata a ɗora wa ɗan Adam ba. Wannan yana da muhimmanci a inda girmama manya ya yi ƙarfi, domin sau da yawa abin da ke hana a ce wa dattijo ya fita daga zama idan maganar ta shafe shi shi ne tsoron kada ya ɗauka an tuhume shi. Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa wannan janyewar tsohuwar ƙa'ida ce.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ma daga addini take, kuma ba ta wasa ba ce. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu, ta kuma yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu gaggawar watsa labarin tsoro ko na aminci. Malamai da dama suna ganin nasiha ga shugaba a asirce ake yin ta. Ƙari a kan haka, Bahaushe yana ɗaukar rufin asiri a matsayin babbar ni'ima, har addu'a yake yi da shi. Saboda haka dattijon da ya ce wa edita, "Yaro, a bar maganar nan, za mu gyara a cikin gida," ba lallai ne yana kare kansa ba. Yana iya yin imani da cewa aikin lada yake yi.

Amsar tana cikin bambance abin da ake rufewa. Sutura ta shafi zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Haƙƙin mutane da aka danne ba ya shiga ciki, domin rufe shi yana nufin wanda aka zalunta ya ci gaba da asara. Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kukan wanda aka zalunta, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a kan abin da zai cutar da su. Labarin tsaro ya fi sarƙaƙiya. Sace ɗalibai a Birnin Yauri a watan Yuni 2021 da harin garin Mera a ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba 2024 irin al'amuran ne da kalma ɗaya ta ganganci za ta iya jawo asarar rai, kuma a nan dattawa sun fi matasan Facebook gaskiya. Sai dai jinkirta labari har a tantance daban, binne shi daban. Abin da ya dace da amintattu shi ne su shimfiɗa ƙa'ida tun kafin a san wa za ta shafa: a ji ta bakin kowane ɓangare, kada a bayyana sunan yaro ko matar da aka ci wa zarafi, kada wakili ya karɓi na goro, a fito a gyara kuskure. Labari guda da ke kan teburin edita kuwa ba huruminsu ba ne.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwa ba ce ga sukar shugabanci a rubuce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke Gwandu, ya taɓa barin rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas saboda abin da ya gani na son duniya a wurin wasu abokan tafiya. A Kano aka tsayar da shi, ya rubuta Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya kuma ya bar damuwarsa a rubuce cikin Tazyinul Waraƙati. Jigo ne a cikin jihadin, bai kuwa ɗauki hakan dalilin yin shiru ba.

Inuwar sarauta ma tana da iyaka, domin sandar sarki a yau daga hannun gwamna take fitowa. An sauke Sarkin Gwandu Almustapha Haruna Jokolo a 2005, shari'ar da ta biyo baya ta yi shekaru har ta kai Kotun Ƙoli. Gidan labaran da ya jingina kacokan da fada ya jingina ne da abin da shi ma a jingine yake. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta samu karɓuwa ƙwarai, amma mallakar hukuma ce, kuma hakan ya shata mata iyakar da take tsayawa. A Ingila an bi wata hanya: tun 1936 jaridar Guardian take hannun amintattu waɗanda ke naɗa edita su tsare dukiya, su bar masa abin da za a buga.

Tsarin da ya fi dacewa da garuruwan Kebbi shi ne a bar sarki a matsayin uban ƙungiya, mai sa albarka ba mai jefa ƙuri'a ba. Kujerun amintattu su zama masu wa'adi, a gauraya masu sarauta da malamai da manoma da masunta da mata, a kuma tuna cewa jihar tana da masarautu huɗu, har da Yawuri da Zuru, da Kiristoci masu yawa a kudancinta. Kowane amintacce ya rubuta kasuwancinsa da muƙamansa, a kuma bayyana wa jama'a masu ba da gudummawar kuɗi. Doka ma ta bar wa mutanen gari ƙofa: kafin a kammala rajista sai an buga sunayen amintattun a jaridu, kuma duk mai ƙorafi a kan wani suna yana da kwana 28 ya kai wa hukuma.