Kujerar Masu Ibada a Falon Attajirai

Da zarar kaka ta kama a arewa maso gabashin Amurka, ganyaye suka yi jawur, sai masu son tsofaffin kaya su bazama wuraren gwanjo na karkara. Cikin abin da suka fi farauta akwai kayan 'yan Shaker, ɗariƙar Kirista da Ann Lee ta zo da ita daga Ingila a 1774.

Mutanen nan ba sa aure, dukiyarsu ta kowa da kowa ce, aikin hannu kuwa ibada suka ɗauke shi. Shi ya sa kujerarsu ba ruwanta da ƙawa. Itace ne mara nauyi da saƙaƙƙen mazauni, hannu ɗaya ya isa a ɗaga ta a rataye a turakun da ke jere jikin bango, a share ɗaki tas.

A 1990 tauraruwar talabijin Oprah Winfrey ta biya dala 220,000 kan wani teburin aikinsu. Abin da aka sassaƙa don gudun alfahari ya koma abin nuna isa.

To, ina darajar take, a itacen ko a niyyar masassaƙin? Masu tara kayan sukan ce ba don su ba, da tuni da yawa sun ruɓe a rumbuna. Gaskiyarsu ne, kuma sun cancanci godiya. Sai dai wanda ya sayi kujerar bai sayi tashin asuba da ƙanƙan da kan da suka haife ta ba, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Gidajen tarihi irin na tsohon ƙauyensu na Hancock cike suke da kayan, amma ɗariƙar kanta ƙauye ɗaya ya rage mata, Sabbathday Lake a jihar Maine, inda mabiyan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.