Wanda Ya Sa Kuɗin Caca A Kan Ƙwallo: Ya Kalli Wasan Ko Ya Ƙyale?

Ran Asabar, tun kafin la'asar sakaliya, wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari ta Kano, watau Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, zai tarar da yaran kanti da 'yan dako sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa gidajen kallon ƙwallon Ingila. Waɗansu kallo kaɗai ya kai su. Waɗansu kuwa da 'yar takarda a aljihu, ko lamba a cikin waya, sun riga sun zuba kuɗi a kan cewa ƙungiya kaza za ta ci.

Masu wannan takarda sukan yi gardama a tsakaninsu: wai mutum ya zauna ya kalla, ko ya kau da kai har a tashi, don kada zuciyarsa ta buga? Wannan gardama ba ta da wani amfani, domin ko ya kalla ko bai kalla ba, caca ta riga ta auku, kuma Allah Maɗaukakin Sarki Ya haramta ta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Amma tambayar tana da nauyi a bakin saurayin da ya riga ya sa kuɗin, daga baya nadama ta kama shi, alhali kuwa ba a take wasa ba tukuna.

To, kallon ƙwallo shi kansa malamai da yawa ba su hana ba, muddin bai sa an tozarta salla ba. Sai dai mai takarda ba wasa yake kallo ba, kuɗinsa yake kallo suna yawo a fili. Sharaɗin tuba na farko shi ne nadama da barin laifi nan take. Ina nadama ga wanda zai yi minti 90 yana ɗaga hannu, wani ma har yana roƙon Allah Ya sa haram ta faɗo masa? Aya ta 91 ta ambaci abin da Shaiɗan ke nema da caca, watau ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltar da su ga barin ambaton Allah da salla. Dukansu a gidan kallo suke bayyana, ba a wurin yankar takarda ba. A can ne ake zagin juna, a can ne kuma la'asar kan wuce, don da hunturu wasannin Asabar da ƙarfe 4 ake fara su.

Ga kuma tarkon da 'yan cacar da ba su sani ba. Yanzu ana iya ƙara kuɗi wasa na gudana, ta waya. Wanda ya ga ƙungiyarsa tana baya sai ya ce bari ya fanshe, sau da yawa kuwa kuɗin cinikin maigida ne a aljihunsa. A shekarar 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca 30 a Kano, kuma a Nuwambar shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta Tarayya ta 2005, ta bar al'amarin a hannun jihohi. Amma ɗan Hisba ba ya iya sa kwaɗo a wayar da ke hannun mai kallo.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da mai tuba shi ne ya ƙaurace wa wannan wasa ɗungum, ya zauna a rumfarsa, kada ma ya tambayi yadda aka tashi. In kuɗin sun tafi, sun tafi, sai ya biya maigida in nasa ne, ya gaya masa gaskiya. In kuwa riba ta shigo masa ba da nemansa ba, malamai sun ce ba tasa ba ce, sai ya fitar da ita ga matalauta ko wani aikin amfanin jama'a, don ya tsarkake hannunsa, ba da niyyar sadaka ba.